Wayar birkin da na cire da hannuna

Shekara takwas na yi ina acaba a cikin garin Jos, daga 2004 zuwa 2012, kuma a shekarun farko babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini tuƙin babur kamar yadda ake koya wa yaro sana'a a gaban maigidansa. Duk abin da na sani game da babur, mai amfani da marar amfani, a teburin wani mai shayi da ke Dilimi na tsince shi, inda muke haɗuwa da sassafe kafin fita aiki, sannan mu sake haɗuwa bayan sallar isha'i idan an tashi. Ƙafata ta hagu, wadda a yau ta fi ta dama gajarta har sai an ƙara wa takalmina dunduniya, ita ma labarinta daga wannan teburi ya faro.

Mahaifina yana da shagon yadi a babbar kasuwar Taminus, kuma gobarar da ta cinye kasuwar a watan Fabrairun 2002 ba ta bar masa ko ƙyalle ba. Ni ne babba a gidanmu. Bayan na yi shekara biyu ina faɗi-tashi tsakanin dako da tallan gwanjo, wani maƙwabcinmu ya sayi Jincheng sabo ya miƙa mini makulli, da sharaɗin in riƙa kawo masa balas kowace yamma, in ban da ranar Juma'a wadda ya bar mini. Kwana uku na yi a filin wata makarantar firamare ina koyon sakin kuloci da sa giya, a rana ta huɗu na ɗauki fasinja na farko daga Gangare zuwa Taminus. Ba ni da lasisi, kuma ban san akwai wani abu da ya rage mini in koya ba, domin a ganina wanda ya iya tafiya bai faɗi ba ya gama iya babur.

Wanda bai taɓa hawa babur da asuba a Jos cikin watan Disamba ba, ba zai gane dalilin da ya sa teburin mai shayi ya zama mana kamar gida na biyu ba. Garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma iskar hunturu tana shiga yatsu har mutum ya kasa matsa kuloci. Mukan zo sanye da manyan rigunan sanyi na gwanjon Katako, wasu sun zura hannuwansu cikin safar ƙafa, mu kewaye tukunyar ruwan zafi muna ɗumama tafin hannu da kofi. A nan ake hirar komai, amma hirar babur ita ce ba ta ƙarewa. Masu Jincheng suna alfahari da cewa injinsu zanen Suzuki ne, kuma idan aka murɗa totur yana zabura kamar doki, ga kayan gyaransa a kowane lungu na Dilimi. Da Bajaj ta fara shigowa daga Indiya sai majalisa ta rabu biyu, domin ita ba ta ƙona baƙin mai tare da fetur, ba ta hayaƙi, tana shan mai kaɗan, ga doguwar kujera mai ɗaukar mutum biyu da kaya. Masu Jincheng suka ce ai wannan babur ɗin tsofaffi ne marar zuciya, masu Bajaj suka ce a jira yamma a ƙirga kuɗi a ga wanda ya fi saura. An yi shekaru ana wannan gardama, kuma aljihu ne ya raba ta, domin daga baya kusan kowa Bajaj ya koma.

A cikin irin wannan hira aka koya mini yadda ake shirya babur don aiki. Aka ce in cire madubai biyu domin suna karo da motoci a cunkoso, in kai wa mai walda ya rage faɗin kan babur yadda zan iya kutsawa tsakanin mota da mota, in sa hon na mota domin direbobi su ji tsoro su ba ni hanya. Aka ce idan na zo gangara in kashe inji in sake shi furi, domin man da za a tara a yini ya isa kuɗin tuwon dare. Abin da aka fi nanata mini, kuma babu wanda ya saɓa a kansa cikin samarin, shi ne kada in kuskura in taɓa birkin gaba, domin wuntsilawa yake yi da mutum ya kifa shi a kan kwalta. Kowa yana da labarin wani da ya matsa birkin gaba ya zubar da haƙora. Domin kada hannuna ya kai can bisa kuskure, wata rana da yamma na ari sifana a wurin bakanike na kwance wayar birkin gaban da kaina, na naɗe ta na jefa a ƙarƙashin gadona, kuma abokaina suka ce yanzu na zama ɗan acaba.

Akwai wani dattijo da yake zama a ƙarshen benci, wanda muke kira Baba kawai. Yana da tsohuwar Honda wadda ta girme mu duka, yana goge ta kowace safiya da tsumma, kuma ba ya acaba, kayan miya yake kai wa wasu gidajen abinci. A ƙuruciyarsa ya yi aikin ɗan aike mai babur a wani kamfanin haƙar kuza, yana kai takardu tsakanin Jos da Bukuru da Barikin Ladi, kuma a can aka koya masa tuƙi a tsanake kafin a ba shi babur. Ranar da ya lura hannun birkina yana lilo babu waya, ya ce da ni: "Yaro, ka cire babban birki ka bar ƙarami." Kafin in ba shi amsa wani ya ce, "Baba, ai ku a zamaninku hanya babu kowa sai jakuna," majalisa ta fashe da dariya, ni ma na yi. Baba bai ƙara magana ba, ya shanye shayinsa ya tafi. Har yau idan na tuna wannan dariya nakan ji kunya, domin ban yi ta don na tabbata ya yi kuskure ba, na yi ta ne don kada a ce na bi maganar tsoho.

A watan Oktoban 2006 aka hana acaba a tsakiyar birnin Abuja, lokacin Malam Nasir El-Rufai yana ministan babban birnin tarayya, kuma mun ga sakamakon haka a Jos, domin 'yan'uwanmu da yawa da suka tafi can neman kuɗi sun dawo da baburansu. Babura suka yi yawa, fasinja bai ƙaru ba, sai gudu ya ƙaru, kowa yana son ya riga wani isa wurin wanda ya ɗaga hannu a bakin titi. Bayan rikicin Nuwamban 2008 kuma, idan aka ce tsaro a majalisarmu, ana nufin wace unguwa ce ba a shiga da fasinja bayan magariba, da wace hanya za a bi a zagaye ta. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ya ceci rayuka, amma ya rufe mana ido daga abin da yake kayar da mu kowace rana a kan titin da muka fi sani.

Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta dokar sa hular kwano ga mai babur da fasinjansa. Majalisa ta samu sabon abin hira na wata da watanni. An ji a rediyo cewa a wasu garuruwa 'yan acaba sun kifa ƙwarya a kai, wasu robar fenti, mu kuma a Dilimi yawancinmu hular leburorin gini muka saya domin ta fi arha. Fasinjoji ma ba su so, mata suna ƙyamar sa abin da wani ya cire daga kansa, ga jita-jitar da ta bazu cewa ana yin asiri a cikin hular, wanda ya sa ta sai ya rasa hankalinsa a tafi da shi. Maigidana mutum ne mai bin doka, ya saya mini hula ta gaske mai igiyar ɗaurewa a haɓa. Nakan ɗora ta a kai idan na hango jami'ai, amma ban taɓa ɗaure igiyar ba, domin a majalisa an ce tana shaƙe mutum, kuma ba ka jin fasinja idan yana magana.

Abin ya faru a watan Afrilu na wannan shekara, ranar da aka yi ruwan farko. Na ɗauko wata mata mai sayar da kayan miya daga kasuwar Farin Gada, da kwandon tumatir a kan tankina da buhun kabeji a tsakaninmu, zan kai ta cikin gari. Ruwan bai yi ƙarfi ba, yayyafi ne da ya jiƙa ƙura kawai, kuma daga baya na gane irinsa ya fi mamako haɗari, domin yana tayar da maiƙon da motoci suka zubar tun rani ya haɗa shi da ƙura ya zama kamar sabulu, ba tare da ya wanke shi ba. Da na hau gangara na yi abin da na saba, na kashe inji na sake shi furi. Wata motar haya da ke gabana ta ga fasinja ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Na taka birkin baya da dukkan ƙarfina, tayar ta daina juyawa amma babur bai rage gudu ba, sai bayansa ya fara zamewa gefe. Hannuna na dama ya matsa hannun birkin gaba da kansa, ya tafi har ƙarshe babu abin da ya riƙe shi. Wannan sakayau ɗin da na ji a yatsuna shi ne abu na ƙarshe da na tuna.

Waɗanda suka ga abin sun ce hular ta riga ni isa ƙasa, ta gangara can gefen kwata ita kaɗai, kaina kuma ya bugi kwalta tsirara. Ƙafata ta shiga tsakanin babur da bayan motar, ƙashin ƙwauri ya karye har ya huda fata. Matar ta faɗi a kan hannunta na dama, ya karye a wuyan hannu.

Da na farfaɗo a asibiti, abokaina na majalisa sun riga sun cika baranda, kuma shawarar da suka zo da ita ita ce a sace ni a kai ni wurin mai ɗori, domin a cewarsu likitoci ba su da aiki sai yanke ƙafar ɗan acaba. Mahaifiyata ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce babu inda za a kai ni. Likita ya yi mata bayani cewa karayar da ƙashi ya fito waje ba irin ta cikin fata ba ce, datti ya riga ya shiga ciwon, idan aka ɗaure shi da kara da tsumma zai ruɓe daga ciki, kuma yawancin ƙafafun da suke yankewa irin waɗanda aka dawo da su ne bayan sun yi makonni a ɗaure. Ba na raina masu ɗori, domin na ga karayar da suka gyara ta warke sarai, amma tawa ba tasu ba ce. Na yi mako bakwai a ɗakin da mu da kanmu muke kira ɗakin Jincheng, saboda kusan kowane gado ɗan acaba ne ko fasinjansa. Na gadon da ke kusa da ni bai karye ko'ina ba, kansa ne kawai ya bugu, amma har aka sallame ni bai gane matarsa ba.

Dole in faɗi wani abu domin adalci. Mutanen nan da suka koya mini cire waya, suka kuma so a fitar da ni daga asibiti, su ne suka biya fiye da rabin kuɗin aikin da aka yi mini. Sun ba ni kwasar adashinmu alhali ba layina ba ne, mai shayi ya ajiye gwangwani a kan teburinsa kowa yana jefa abin da ya samu, kuma wani daga cikinsu ya riƙa kai wa gidanmu cefane har na tashi. Babu wanda ya cuce ni da gangan a cikinsu. Abin da aka faɗa musu suka faɗa mini, su ma baburansu babu wayar.

Da na fara takawa da sanda na je gidan matar a Unguwar Rogo. Na ce, "Mama, ki yafe mini, laifina ne." Ta ce, "Ɗana, ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma na yi imani da ƙaddara, amma a lokacin da take maganar ina kallon hannunta da ya warke a karkace, ina kuma tuna wayar da ke naɗe a ƙarƙashin gadona. Ba ta ƙara iya ɗaga kwando da wannan hannu ba, 'yarta ce ta bar makaranta na wani lokaci tana raka ta kasuwa.

Wajen wata tara bayan haɗarin na koma majalisa. Baba ya bari aka watse, sannan ya ce in same shi ranar Lahadi da safe a filin makarantar da na fara koyon babur, in zo da wayar. Shi da kansa ya mayar da ita, ya daidaita ta, sannan muka fita wani titi da babu motoci a bayan filin. Ya ja layi da gawayi a kan kwalta, ya ce in taho a giya ta uku, idan na iso layin in taka birkin baya kaɗai. Na yi, ya auna da ƙafarsa daga layin zuwa inda na tsaya, ya samu taku ashirin da ɗaya. Ya ce in sake, amma wannan karon in haɗa da na gaba, kuma kada in fizge shi, in matsa shi sannu a hankali kamar mai tatsar nono, ina ƙara ƙarfi yayin da na ji gaban babur yana nutsewa. Hannuna yana rawa na yi na farko, ban yarda na matsa sosai ba. A karo na biyar ya auna taku goma sha ɗaya. Ya tsaya a tsakanin alamun biyu ya ce, "Motar da ka buga a nan take tsaye."

Bayanin da ya yi mini a ranar ban taɓa mantawa da shi ba. Ya ce idan babur yana rage gudu, nauyin mutum da na kaya duk gaba suke komawa, sai tayar gaba ta danne ƙasa da ƙarfi, ta baya kuma ta yi sakayau, shi ya sa ta baya take saurin kullewa ta riƙa jan ƙasa, kuma taya mai jan ƙasa ba ta tsayar da kowa. Ya ce waɗanda suka zubar da haƙora ba ƙarya aka yi musu ba, amma fizgar birkin suka yi a firgice, ko suka matsa shi a cikin kwana, ko a kan yashi da tsakuwa, inda dole a sassauta masa. Ya ce inji ma birki ne, wanda ya sauko gangara a ƙaramar giya injinsa yana riƙe shi, wanda kuwa ya kashe inji ya jefar da wannan taimako, kuma ba shi da abin da zai zabura da shi ya kauce. Daga nan ya ɗauki hulata, wadda har yanzu tana da ƙujewar ranar, ya sa mini ya ɗaure igiyar yadda yatsa biyu kawai za su shiga tsakaninta da haɓa, ya kama ta ta baya ya ja, ba ta fita ba. Daga baya na ji a wani shirin rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, kuma kalmar "daidai" ce ta tsaya mini a rai.

Na mayar da madubaina, na ci gaba da aiki na wasu shekaru, ina samun ƙasa da abokaina kaɗan domin na daina tseren fasinja. A majalisa suka sa mini suna Ƙanin Baba. Mutum huɗu ne kawai na san sun mayar da wayarsu saboda ni, biyu daga cikinsu sai da na kai su titin nan na ja musu layi da gawayi. A 2012, zamanin Gwamna Jonah Jang, aka hana acaba a cikin Jos da Bukuru, a farkon 2013 Kano ma ta hana, majalisarmu ta watse, wasu suka koma keke, wasu suka tafi Maraba da Masaka a bakin Abuja, wasu suka koma ƙauyukan da ke hanyar Bauchi da ta Zariya inda babur yake aiki har yanzu. Ni na buɗe ɗan shagon kayan babur a Dilimi, ba nisa da teburin mai shayin, wanda yanzu ɗansa ne yake riƙe da shi. Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa, kuma 'ya'yansa sun sayar da Hondar ga wani da ya zo daga Bukuru.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sakin furi a gangara ya dawo fiye da da, domin lita ɗaya ta zama abin lissafi. Makon jiya wani yaro da ke jigila tsakanin Tilden Fulani da ƙauyukan gefenta ya zo sayen fulogi a shagona, na ga hannun birkinsa na gaba yana lilo. Na tambaye shi ina wayar, ya ce abokan aikinsa sun ce wuntsilawa take yi da mutum. Na ɗaga ƙafar wandona na nuna masa tabon, na ce ya zo ranar Juma'a bayan masallaci, waya kyauta ce, aikin sawa ma kyauta, minti talatin kawai nake so a wurinsa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ku a zamaninku ai mai naira 65 ne." Ya biya kuɗin fulogi ya tafi. Ranar Juma'a na jira shi har la'asar bai zo ba. Wayar tana nan rataye a ƙusa a bakin shagon, da guntun gawayi ɗaure a jikinta cikin leda.